Tabarau ɗin Kawu Baraniko

Duk wanda ya taɓa aikin rakiyar baƙi a filayen ruwan tsibirin Kiritimati, can tsakiyar tekun Pasifik, ya san sunan Baraniko, kuma in ka tambaye shi abu ɗaya zai ce maka, mutumin yana da ido. Ba za ka ji an ce yana da kirki ko yana da baki ba, ko da yake kirkin akwai shi, bakin ne babu. Ido kawai ake cewa. Ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya koya mini sana'ar da nake ci da ita, ni kuma na raba shi da ita. Wannan magana ta ƙarshe shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ita a ciki, yau dai zan amayar.

Daga tsibirin Beru ya zo yana saurayi, a jirgin ruwan da ke kawo masu aikin kwakwa. Shekara tara yana fasa kwakwa yana shanyawa kafin Turawa masu sandar fatsa su fara zuwa neman ikari. Mu a wurinmu ikari abinci ne, kifi mai daɗi mai ƙaya kamar me. Su kuwa sai su biya kuɗin jirgin sama tun daga Amurka, su kama shi, su ɗauki hoto, su sake shi ya tafi. Da farko mutane sun ɗauka taɓin hankali ne. Kawu ya ce shi bai ga laifin mahaukacin da zai biya ka don ka nuna masa kifi ba, ya jingine adda ya bi su.

Aikin a baki ba shi da wuya. Ka tashi da sassafe, a-kori-kura ta kwashe ku zuwa bakin tafki, kwale-kwale ya sauke ka kai da baƙonka a kan farin yashi inda ruwa bai wuce ƙauri ba. Ku yi ta takawa a hankali, rana a bayanku. Kai ne idonsa. In ka hango kifi sai ka faɗa masa da lissafin agogo, gabansa ƙarfe sha biyu, damansa ƙarfe uku, hagunsa ƙarfe tara. Ka ce ƙarfe sha ɗaya, taku goma sha biyar, shi kuma ya wurga ƙugiya can ko bai ga komai ba. Wuyar tana wajen ganin. Ikari jikinsa kamar madubi yake, launin yashin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka. Tun ranar farko Kawu ya ce in daina wahalar neman kifin, inuwarsa zan nema, don ita ba ta iya ɓuya.

Gajere ne, mai gwamammun ƙafafu, kuma sai da masaukin baƙi ya yi barazanar sallamarsa kafin ya yarda ya sa takalmi a ruwa. A wuni guda da kyar zai yi maka magana goma. In ya ga kifi yakan tsaya cak ya nuna da haɓa. In na ce ban gani ba sai ya ce to mu jira, kifin bai yi alƙawari da kowa ba. Wuri ɗaya kawai ake jin muryarsa, saman itacen kwakwa, safe da yamma in ya hau tatsar bammi. A can yake sakin waƙa da wata irin murya da ke sa karnuka kuka. Matarsa Nei Aroita, wadda muke ce wa Inna, takan ce duk maganar da ya kamata ya yi mata a gida ya kai wa kwakwa. Ba su samu haihuwa ba, saboda haka ni ne ɗan, kuma haka yake kirana.

Da na kai shekara talatin da biyar sai na ga na kamo shi. Ƙafata ta fi tasa sauri, Turancina ya fi nasa, ina iya sa baƙo dariya. Amma duk ranar da jirgin sama ya sauke baƙin mako, Tebano shugabanmu ya karanto rabon aiki, sai ka ji tsofaffin baƙi, gwanayen wurgi, duk sun rubuto tun daga gida cewa Baraniko suke so. Ni sai a haɗa ni da sabon shiga, wanda zai wurga ƙugiya ta kama kunnena. Sau biyu ana ciro mini ƙugiya daga kunne ɗaya. Abin yana cina a rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata.

Cikin masu neman Kawu da suna akwai wani likitan ido daga Oregon ta Amurka, Halvorsen, dogo mai jan wuya, Likita muke ce masa. Shekara goma sha huɗu yana zuwa kowane Janairu, mako guda, kuma ba ya fita da kowa sai Kawu. Sukan wuni a ruwa ba su ce wa juna uffan ba sai ƙarfe kaza taku kaza, su dawo da yamma kowa yana murmushi kamar sun sha hira. A wannan shekarar da zai tafi ya bar masa tabarau. Dukanmu muna sa tabarau saboda ƙyallin ruwa, in babu shi ba ka ganin ƙasa, amma namu na kanti ne, duk sun karce. Wannan kuwa gilashinsa ja-ja ne kamar tagulla, mai kauri, mai nauyi a hannu. Kawu da bai damu da kaya ba sai ga shi ba ya rabuwa da shi, sai a ƙofar coci yake cirewa.

Mako uku bayan tafiyar Likita aka yi bikin cika shekara ɗaya na 'yar wani ɗan'uwanmu, a babbar rumfar taro ta ƙauyen Tabwakea, bayan an taso daga coci. An dafa shinkafa da kifi, an yanka aladu biyu, ni kuma na ɗan taɓa bammi mai tsami. Ba na faɗin wannan don in wanke kaina, ban bugu ba. Ina zaune kusa da Kawu ina kallon tabarau ɗin a fuskarsa, sai na ji a raina cewa wannan ne bambancina da shi, ba wani ido ba.

Bubuti al'adarmu ce, a tsibirin nan kowa ya san ta. In ɗan'uwa ya dube ka ya roƙi abu da wannan kalmar, ba ka da a'a. Keke ne, tukunya ce, rigar da ke jikinka ce, sai ka miƙa, kai ma ranarka tana zuwa. Wanda ya hana, har jikokinsa sai sun sha gorin rowa. Amma mahaifiyata ta sha gaya mini tun ina ƙarami cewa mai hankali ba ya bubutin abin da mutum yake ci da shi. Na tuna da maganarta a lokacin, na ture ta gefe.

"Kawu," na ce, yadda kowa zai ji, "wannan tabarau ai ya fi ƙarfin tsoho. Kai da kake ganin kifi ido rufe, me za ka yi da shi? Bubuti nake yi, ka ba ni."

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi inda Inna Aroita take zaune cikin mata, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Sannan ya cire tabarau ɗin, ya goge shi da bakin rigarsa, gilashi ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga shi, ɗana. Allah ya sa ya yi maka amfani."

Da ya ɗago na ga idanunsa a fili, abin da na daɗe ban gani ba. Ƙwayar ta yi fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Na gani, na kawar da kai, na rataya abina a wuya aka ci gaba da biki.

Litinin da safe, tun kafin mota ta zo, na tsaya a ƙofar gida na sa shi. Ƙasa ta taso mini, itatuwan kwakwa suka tanƙware, na ɗaga ƙafa zan taka na kusa kifewa. Na cire, na sake sawa, haka dai. Surukata tana da tabarau na asibiti, na taɓa gwada shi don wasa, na san wannan jirin. Ashe ba tabarau ɗin rana ba ne kawai. Likita ya duba idon abokinsa ne a ɓoye, ya je gida ya sa aka yanka gilashi daidai da ciwonsa, ya kawo masa da sunan tsaraba don kada kowa ya sani.

An ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma da zan samu in fake a wannan duhun da na fake. Amma na gane tsaf, a tsaye a ƙofar gidana, da abin a hannuna. Tsakanina da gidan Kawu tafiyar minti goma ce.

Sai na fara kawo wa kaina hujja. Abin bubuti ba a mai da shi, mayarwa raina kyauta ne. In kuma na mayar, kamar na ce masa na san idonka ya tafi, wannan ai tsiraici ne, wane ɗa ne zai yi wa kawunsa haka? Hujjojin duka gaskiya ne, shi ya sa suka yi mini daɗin riƙewa. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata da ban yarda na kalla ba, cewa in Kawu ya fara kuskure, baƙin da ke rubuto sunansa sunana za su rubuto. Na shiga ɗaki na saka tabarau ɗin a gwangwanin biskit da matata ke ajiye takardun haihuwar yara, na mai da murfi, na ɗauki tsohon nawa na fita.

Tun da aka fara wannan aiki, a gaban kanti kusa da gidansa Kawu yake jiran mota. Daga wannan makon sai ya sake hanya. Kullum da safe sai in fito in tarar da shi a ƙofar gidana, ya rataya tsohon tabarau ɗinsa na kanti, ya ce yana miƙe ƙafa ne. Mu gaisa, mu tsaya tare muna jiran mota. Wata rana ya dubi wuyana ya tambaye ni yaya tabarau.

"Lafiya lau, Kawu. Adana shi nake yi, kada ya karce."

"Madalla," ya ce. "A adana."

Ya fi wata biyu yana rufa wa kansa asiri, kuma ban san wani ɗan rakiya da zai iya abin da ya yi ba. Ya san kowane fili kamar tafin hannunsa, ya san ta wane kwari kifi ke shigowa in ruwa ya fara cika, da inda suke komawa in ya fara janyewa. Sai ya tsayar da baƙo a bakin kwarin ya ce ƙarfe goma, taku ashirin, baƙo ya wurga, sau da yawa kuma a dace. Da sani yake aiki, ba da gani ba. Ni da na san abin da ake ciki ina kallonsa daga nesa, wani lokacin har in ji kamar in tafa masa.

Ranar da asiri ya tonu ina wurin. An sauke mu a fili ɗaya, ni da baƙona, shi da nasa, wani dattijo daga Kanada da ya zo musamman saboda labarin idon Baraniko. Rana tsaka, ba gajimare ko ɗaya, irin ranar da ko sabon shiga yana gani. Na hango wani abu yana tahowa wajensu a hankali, yana lilo, na san ko mene ne tun daga inda nake. Na ji Kawu ya ce ƙarfe sha ɗaya, taku goma, babba ne, wurga. Da na ɗaga murya da na tsayar da su. Baƙon ya wurga, ya ja, sai ga talibambam ya taso ya kumbura kamar ƙwallo, yana juyi a saman ruwa yana ƙara. Dattijon ya dubi kifin, ya dubi Kawu, ya yi 'yar dariyar ladabi. Kawu ya sunkuya ya daɗe yana laluben ƙugiyar kafin ya cire.

Da yamma a bayan mota labari ya riga mu hawa, mai tuƙa kwale-kwale ya baza shi. Ɗaya ya ce a ba Kawu lambar yabo, shekara talatin ba wanda ya taɓa kamo wa baƙo ƙwallon ƙafa. Wani ya ce ai dabara ce, ikari ya ƙare masa ne ya shiga sabon layi. Ana ta kwashewa da dariya, shi ma yana ɗan murmushi yana kallon tsakanin ƙafafunsa. Irin wannan tsiyar kullum muna yi wa juna, da an bar ta nan da ta wuce. Sai na ji shiruna ya fara yawa, na ji kamar kowa zai karanta abin da ke fuskata, na ce bari in sa baki.

"Ku yi hankali da bakinku," na ce, "a gaban Sarkin Talibambam kuke."

Motar ta ɗauka gaba ɗaya. Sunan ya kama shi kamar ƙaya a riga, kafin mako ya zagayo har yaran makaranta sun iya. Ni na raɗa masa shi, da bakina, da tabarau ɗinsa a gwangwani a ɗakina. In akwai abin da ya fi wannan ƙazanta da na taɓa yi, ban tuna shi ba.

Daga nan abin ya gangara da sauri. Ya daina kiran kifi sai ya tabbata, kuma ya daina tabbata. Baƙi suka fara kai ƙara a hankali, cewa tsohon mutumin kirki ne amma sun wuni ba su ga komai ba. Tebano, wanda shi ma a hannun Kawu ya koya, ya rasa yadda zai yi. Daga ƙarshe ya ja shi gefe ya ce ko zai riƙa zama a kwale-kwale yana kula da abincin rana, ya huta da tafiya. Kawu ya yi godiya ƙwarai. Washegari na fito ban tarar da kowa a ƙofar gidana ba, kuma bai sake hawa motar nan ba. Ya koma kwakwarsa da bamminsa, waɗanda hannu ya san su ba sai da ido ba.

Baƙinsa kuwa suka dawo hannuna, kamar yadda na lissafa. Zan yi ƙarya in na ce ban ji daɗi ba. Ranar farko da na raka gwani, na ce ƙarfe biyu taku ashirin da biyar ƙugiya ta sauka daidai inda na ce, na ji ni ma na zama mutum. Gaisuwa na ci gaba da aika wa Kawu ta bakin matata, da kifi wani lokaci, amma ƙafata ta ɗauke daga gidan. Sau ɗaya na yi karo da Inna Aroita a kanti, ba hanyar kaucewa. Ta amsa gaisuwata da fara'a har na saki jiki, sannan ta ce:

"Timeon, tabarau ɗin nan ya karɓe ka fa. Duk garin nan ba wanda ya taɓa ganinsa a fuskarka, amma ya karɓe ka."

Na yi dariyar yaƙe, na biya kuɗin sukari na fita na bar sukarin a kan teburi.

Janairu ya zagayo, Likita ya sauka. Tebano ya ba shi ni, ya ce Baraniko ya yi ritaya. Likita ya ce bai san wannan zance ba, kuma ba zai jiƙa ƙafa ba sai ya ga abokinsa. Wa zai kai shi in ba ɗan gida ba? Haka na shige gaba yana bina.

Mun tarar da Kawu a kan dandamalin katako na tsakar gida yana tufkar igiya da zaren ɓawon kwakwa. Tun kafin Likita ya yi magana Kawu ya gane takunsa. Suka riƙe hannun juna suka daɗe. Likita ya fito da 'yar tocila daga aljihu ya haska masa ido ɗaya, ya haska ɗayan. Sannan ya tambaye shi ina tabarau. Inna Aroita tana bakin murhu, na ga hannunta ya tsaya da fifita wuta. Ni kuwa na riga na buɗe baki, ban san me zai fito ba.

"Ya faɗa teku," in ji Kawu. "Wata ɗaya da tafiyarka. Na sunkuya zan saki kifi, ruwa ya ɗauke. Sakacina ne."

Likita ya dafe kai. Ya ce me ya sa ba a rubuto masa ba, da ya aiko da wani cikin mako uku, da wannan shekarar ba ta tafi a banza ba. Kawu ya ce kunya ce ta hana shi. Sai Likita ya juyo gare ni ya ce ai ni da nake da Turanci ya kamata in rubuta. Na ce haka ne, na yi kuskure. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban waiwayo ba. Likita ya ce yanar idon ta nuna, yanzu ba gilashin da zai yi magani sai aiki, zai yi ƙoƙari a sa sunansa cikin waɗanda likitoci masu zuwa za su duba.

Na mai da Likita masauki, na wuce gida kai tsaye, na sauko da gwangwanin. Tabarau ɗin yana nan yadda na ajiye shi, ko ƙura babu. Rana ba ta faɗi ba na koma na durƙusa a gaban dandamalin na ajiye shi a kan cinyar Kawu. Na shirya magana a hanya, duk ta gudu. Ya shafa shi, ya sa, ya juya kai wajen itatuwa, ya juya wajen murhu, ya cire. Ya goge shi da bakin riga kamar ranar farko, ya miƙo mini.

"Riƙe kayanka. Abin bubuti ba ya komawa."

Na ce masa ban taɓa gani da shi ba ko na minti ɗaya. Ya ce ya sani, tun ranar da ya ba ni ya san ba zan gani da shi ba. Na ce to don me bai ce in ba shi ba, ko a ɓoye, ko ta bakin Inna?

"Da wane baki?" ya ce. "Ni Baraniko in tako in ce wa ɗan 'yar'uwata ba na gani? Na dai riƙa zuwa ƙofarka, ko wata safiya za ka ce, Kawu, abin nan yana matse mini kai, karɓi kayanka. Da ka faɗi haka, da ni na karɓa ina yi maka tsiyar ƙaton kai, da mun rufa wa juna asiri. Wata uku ina zuwa, ɗana. Kai kuma kana adanawa."

Bai ɗaga murya ba, hannunsa ma bai bar igiyar ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Hanya ce mai sauƙi haka, magana guda, kuma ba zan ce ba ta taɓa zo mini a rai ba. Na yi kuka a gabansa, ƙato da ni mai 'ya'ya uku, Inna Aroita tana kallona ba ta ce in yi haƙuri ba. Na ce gobe da safe zan gaya wa Likita gaskiya, zan gaya wa Tebano, zan faɗa a bayan mota kowa ya ji.

"Tebano da 'yan mota ruwanka," ya ce. "Amma baƙon nan, a'a. Shekara goma sha biyar yana zuwa yana ganin mu mutanen kirki ne. Ba zai gane bubuti ba, zai ce an yi wa tsoho ƙwace a gidansa. Shekaruna sittin da uku ban taɓa roƙonka komai ba. Yau bubuti nake yi, kada ka gaya masa."

Ba ni da a'a. Ya san ba ni da ita.

Shekara biyu bayan nan aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe har yana gane mutane daga nesa. Tebano ya je da kansa ya ce ya dawo, Kawu ya ce a'a, wurin ya cika, kuma sarki ba ya komawa talaka. Da wasa ya faɗa, amma bai sake taka filin ruwa ba har ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Na gaya wa Tebano gaskiya, ban iya faɗa a bayan mota ba. Shi kuwa sunan da na raɗa masa ya bi shi har kabari, na ji wani yaro ya faɗe shi ranar jana'iza ba tare da ya san zagi ba ne.

A wancan makon na Janairu ni na raka Likita kwana shida cur. Kifi ya samu, na kira masa su da kyau, ya ce hannun Baraniko ya nuna a jikina. Kullum in mun zauna cin abincin rana sai ya koma kan zancen, yadda abu ƙarami kamar sunkuyawa zai raba mutum da sana'arsa. Ni kuma in ce haka ne. Ranar da zai tafi, muna tsaye a bakin mota, ya laluba jakarsa ya fito da wata igiyar tabarau mai ruwan lemo, irin mai taso da shi sama in ya faɗa ruwa. Ya cire tabarau ɗina da kansa ya ɗaura masa ita, ya rataya mini a wuya, ya dafa kafaɗata ya ce don kada nawa ya bi na kawuna.

Na sa hannu biyu na yi godiya. Ita ce a wuyana har yau.